Tambaya da Amsa: Kayan horon karen farauta sun ƙi sayuwa a Facebook

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Daga Garin Malam nake rubutowa nan cikin Damagaram. Yayana da ke zaune a Faransa ne ya aiko min da wasu kaya na hannu wai na horon karen farauta ne, wani tsohon bature maƙwabcinsa ya bar shiga daji ya sallama masa da araha, shi kuma ya ce in saida in ja jari. Akwai abin wuya guda biyu masu telekomand, in ka danna sai ya yi ƙara ko ya yi girgiza ko ya ɗan ja kare kamar wutar kuran, akwai wani na kamfanin Garmin mai nuna inda kare yake a daji, sai usur da doguwar igiya da wasu dunƙulallun abubuwa na tamfol da ake jefa wa kare ya ɗauko. Na ɗauki foto na sa a Facebook da gurup gurup na WhatsApp, na ce jaka 200 duka. Wallahi Malam ba abin da nake samu sai "nawa ne" "nawa ne" daga nan shiru, wasu ma zagi suke wai ina tallar kayan najasa, wani ya taya jaka 5, wani kuma daga Yamai ya turo min hoton mesaj wai ya biya in sa kaya a mota, na duba ban ga ko dala ba. Yaya zan yi? Ni ban taɓa kiwon kare ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganarka ta ƙarshe ita ce kan zancen, ba ka taɓa kiwon kare ba, kuma waɗanda ka kai wa tallar su ma ba su taɓa ba. Masu "nawa ne" ɗin nan yawancinsu samari ne da suka sayi kridi suna zaga gurup, in ka sa hoton jirgin sama ma za su tambaye ka nawa ne. Mai karen farauta na gaske yana ƙauyukan Mirya, yana wajen Matamai da Magarya da Gure, ko a bayan gari nan Damagaram, wayarsa ƙarama ce, in ma yana WhatsApp to murya yake turawa ba ya rubutu, kuma ba zai fidda kuɗin da ya kai na tunkiya ba a kan abin da bai taɓa da hannunsa ba. Cinikin biri a sama ne kake so ya yi.

Ga wani abu kuma da yayanka bai lura da shi ba. Farautar bature da tamu ba iri ɗaya ba ce. Shi bature da bindiga yake fita, karensa ya shinshino tsuntsu ya tsaya cak, a harba, ya ruga ya ɗauko ya kawo wa maigida ba tare da ya tauna ba. Waɗancan dunƙulallun abubuwan na tamfol aikinsu kenan, koya wa kare ɗauko abu ya kawo. Mu kuwa karenmu da ido da gudu yake aiki, kiɗa na tashi, mutane sun jeru da gora da barandami, zomo ya tashi a sakar masa karnuka su kure masa gudu. Ko karen Azawak na Buzaye da turawa ke rububinsa haka yake, idonsa ne da ƙafarsa. Ƙaramin kare a wurinmu a bayan manya yake koyon sana'a, ba a makaranta ba. To ka ga mafarauci zai kalli tamfol ɗinka ya ce me zan yi da wannan. Kar ka ɓata yawunka a kansu, ka haɗa su gyara ga duk wanda ya sayi babban kaya.

Abin da ke da daraja a cikin kayanka shi ne mai nuna inda kare yake. Tambayi kowane mafarauci abin da ya fi ci masa rai, ɓatan kare ne. Kare ya bi zomo ko gada ya nausa, magariba ta yi, a yi ta kira ba labari, wani lokaci kuma wata tawagar ce ta kama shi ta yi gaba da shi, kuma kare mai kamu ba a samunsa a kasuwa kamar akuya, shekaru ake yi ana gina shi. Irin na Garmin ɗin nan abin wuyan ne ke karɓar wurinsa daga tauraron ɗan adam sai ya aika wa na hannunka, wato 'yar na'urar da kake riƙewa, ta rediyo, ba ruwansa da rezo ba ruwansa da sim, kenan ko a dajin da waya ba ta kamawa yana aiki. Wannan maganar ce ya kamata ta zama tallarka, kai kuma ka tsaya kana sa hoton kwali da rubutun Faransanci. Amma ka duba da kyau, akwai wasu masu araha da sim suke aiki kuma sai an riƙa biyan kuɗin wata, irin waɗannan a dajin Tanut sunansu kwalliya. Kuma kada ka yarda ka raba abin wuyan da na hannunsa, domin na Turai da na Amurka ba zangon rediyo ɗaya suke ba, wanda ya sayi guda ba lalle ya samu abokinsa ba.

Yanzu batir. Duk wanda ya taɓa sayen waya ta hannu a Kasuwar Dole ya san inda gizo ke saƙar. Batir ɗin da ke cikin kayan nan irin na waya ne, tsufa na cinsa ko ba a aiki da shi, zafi kuma ya fi komai kashe shi, ga mu a garin da watan 4 da na 5 zafi ke wuce digiri 40. In tun zuwansu suna cikin ɗaki mai rufin kwano a ajiye, to ka fiddo su yau ka yi musu caji ka kunna ka ga awa nawa za su yi kafin su mutu, ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ka gani. In batir ya kumbura kar ka saida shi haka. Abu ɗaya da ka yi sa'a, daga Faransa suka zo, kan cajarsu zai shiga soket ɗinmu kuma ƙarfin wutarmu kusan ɗaya ne, da na Amurka ne da sai ka tsaya karanta bayan caja tukuna.

Masu jan kare da wuta kuwa, ni dai ra'ayina ka yi hattara da wanda za ka ba. Suna da mataki mataki, daga wanda da ƙyar za ka ji a tafin hannu har wanda zai sa kare kuka. Ƙarafuna biyun nan da ke ciki dole su taɓa fata, kuma an yi madaurin ne don karnuka masu kauri, namu wuyansu siriri ne sai an ƙara huda. In aka bar shi a wuyan kare wuni da kwana gyambo yake yi. Mutumin da bai iya ba zai murɗa shi ƙarshe ya danna don kare ya ƙi dawowa, kare kuma bai san laifinsa ba, sai ya tsorata da daji gaba ɗaya, an kashe kare mai kyau kenan kuma kai za a zo nema. A can ma ba kowa ya yarda da shi ba, yankin Wales na Birtaniya ya hana amfani da shi tun 2010. In za ka saida, nuna wa mutum ƙarar da girgizar, su kaɗai sun isa kiran kare, ka sa ya gwada wutar a hannunsa kafin ya kai wuyan dabba.

To ga yadda zan yi in ni ne kai. Ka nemi sarkin dawa ko wani babba cikin 'yan farautar unguwarku, mahauta da 'yan tauri sun san su in ba ka san kowa ba. Ka je ka gaida shi da ɗan goro, ka ce Baba ga abin da aka aiko min ni ban san kansa ba, a ɗaura wa karenku mu gani. A ɗaura, yaro ya ja kare ya ɓace bayan duwatsu, kai kuma ka miƙa wa tsohon na hannun yana kallon kibiya tana nuna masa gabas mita kaza. Ka ɗauki bideyon wannan gajere da Hausa, muryar tsohon na ciki yana mamaki, da izininsa fa. Wannan bideyon shi za ka tura, kuma 'yan farauta da kansu za su yi ta miƙa wa juna har Maradi har Daura. Intanet ɗin zai yi maka aiki amma sai bayan ka taka da ƙafarka. In ciniki ya faɗa ta hannun tsohon ka ba shi la'adarsa ba tare da ya tambaya ba.

Jaka 200 a dunƙule kuma ka manta da ita. Mafarauci lissafinsa zomo nawa zan kama in maida kuɗina, ba ruwansa da yuro nawa bature ya saya. Ka rarraba, usur da igiya kuɗin goro ne su tafi da wuri, mai nuna wuri ka riƙe shi da daraja, tawaga guda na iya haɗa kuɗi su saya tare. Akwai kuma masu kiwon karnukan turawa na gadi a Yamai da Kano, su sun san kayan kuma su ne ke kan Facebook da gaske, can za ka kai masu telekomand. Lokaci ma na da nasa, da damina kowa na gona, sai an kau da amfanin gona ake maganar daji, kuma a lokacin ne aljihun baƙauye ke da nauyi.

Mutumin Yamai ɓarawo ne, Allah ya tsare ka. Hoton mesaj ba kuɗi ba ne. Ko ta Nita ko Amana ko Airtel Money aka ce an turo, sai ka gani a asusunka ko ka karɓa a hannu kafin kaya su bar ɗakinka, kuma duk wanda ya ce ya turo fiye da kima ka maido masa ragowa, kashe wayarka. In za ka sa a mota ka naɗe a kwalinsa da takardarsa mai hoton kare, ka gaya wa mai karɓar kaya ko mene ne. Na hannun nan mai eriya kamar oba-oba yake, ga yanayin tsaron da ake ciki, ba ka so a buɗe shi a shinge ba mai bayani. Wajen sa talla kuma kar ka haɗa da hoton bindiga ko ka ce har da kare kake saidawa, dokar kasuwar Facebook ta hana tallar makamai da dabbobi masu rai, za su sauke maka ita.

Masu zagi ka bar su. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo in an ambaci sunan Allah, kuma hadisin da ya hana ajiye kare ya togace na farauta da na kiwo da na gona. Ka rubuta wannan sau ɗaya a ƙarƙashin tallar, kar ka tsaya musu da kowa.

TAMBAYA: Malam ni ɗan farauta ne daga wajen Kance, in na sayi irin kayan nan masu nuna wuri, 'yan gandun daji za su kama ni?

AMSA: Su abin da suke dubawa shi ne me ka kamo, a ina, kuma da wace takarda. Nijar na da dokar farauta da kariyar namun daji mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, akwai dabbobin da ta hana taɓawa sam, akwai kuma wurare irin gandun Termit da Tin Tumma da aka keɓe a 2012 waɗanda ba wurin sakin kare ba ne. Kafin lokacin fita ka leƙa ofishinsu mafi kusa da kai, ka tafi da abin wuyan a hannu su gani, ka tambaye su abin da aka buɗe bana.