Shin anakizim na nufin hargitsi ne kawai?

Tambaya: Malam, a labarai nakan ji an ce ƙasa kaza ta faɗa cikin "anaki", wato ba doka ba oda. Amma abokina ya ce anakizim aƙida ce ta siyasa mai dogon tarihi. Ina gaskiyar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Abokinka ya yi daidai. Kalmar ta fito daga Girkanci, ma'anarta "babu mai mulki". Masu aƙidar ba su ce a zauna kara zube ba. A ganinsu gwamnati ita kanta ce tushen danniya, jama'a kuwa za su iya gudanar da harkokinsu ta ƙungiyoyi da shawara, kamar dai aikin gayya da ba a tsaya wa kowa da bulala.

Wanda ya fara kiran kansa anakis shi ne Bafaranshe Pierre-Joseph Proudhon, a 1840. Amma aƙidar ta tsaya da ƙafarta ne a rigimar Mikhail Bakunin ɗan Rasha da Karl Marx, cikin ƙungiyar ma'aikata ta duniya da aka kafa a Landan a 1864. Marx ya ce ma'aikata su ƙwace gwamnati tukuna. Bakunin ya ce duk wanda ya hau kujerar, ko ɗan ƙwadago ne, zai rikiɗe ya zama sabon ubangida. Aka kori Bakunin daga ƙungiyar a taron Hague na 1872. Wanda ya san mulkin kama-karya na Stalin a Tarayyar Sobiyet zai yi wuya ya ce Bakunin bai hango nesa ba.

Mummunan sunan kuwa, wasu daga cikinsu ne suka jawo. Tsakanin 1894 da 1901 'yan anakis sun kashe shugaban Faransa Sadi Carnot, da Sarki Umberto na Italiya, da shugaban Amurka William McKinley. Wannan bai rushe gwamnati ko ɗaya ba, sai ma ya ƙara wa 'yan sanda ƙarfi.

A Sifen aka gwada aƙidar a aikace. Ƙungiyar ƙwadago ta 'yan anakis mai suna CNT, wadda aka kafa a Basalona a 1910, ta tara ɗimbin mabiya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1936, ma'aikata suka karɓe masana'antu da sufurin birnin, manoman yankin Aragon suka haɗe gonaki. Abin mamaki, har huɗu daga cikinsu suka karɓi muƙamin minista, su da ba su yarda da gwamnati ba! A 1937 suka gwabza da 'yan kwaminis, a 1939 Janar Franco ya yi nasara ya murƙushe su duka.

Akwai kuma wani gado nasu da kai ma kake ci. A watan Mayu 1886 ma'aikatan Chicago na neman a mayar da aiki awa takwas a rana, sai wani ya jefa wa 'yan sanda bom a dandalin Haymarket. Aka rataye 'yan anakis huɗu a 1887 ba tare da an tabbatar su suka jefa ba. Tunawa da wannan gwagwarmaya ce ta haifi Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu, wadda gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta fara ba da hutunta a Kano a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981.