Likita, asfirin na hana sankarar hanji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Sankarar hanji ce ajalin mahaifinmu yana da shekara 52, ga shi yanzu an gano ta a jikin yayana. Na ji ana cewa magungunan kumburi irin su asfirin suna kare mutum daga wannan ciwo. Dama ina shan diklofenak saboda ciwon gwiwa. In mayar da shi na kullum ne, ko in koma asfirin? Shekarata 43. Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba yayanki lafiya.

Abin da kika ji ba ƙarya ba ne, sai dai rabin zancen aka ba ki. Kumburin da ya daɗe a jiki yana share wa sankara fage, asfirin kuma yana toshe wani sinadari, COX, wanda ke hura wutar kumburin. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga binciken da Farfesa John Burn na Jami'ar Newcastle a Ingila ya jagoranta. Mutum 861 masu wata larurar gado da ake kira Lynch, wasu aka ba su asfirin miligiram 600 kullum, wasu ƙwaya marar magani. Sakamakon da aka fitar a 2020, bayan an bi su shekara goma, ya nuna sankarar hanji ta ragu a wajen masu asfirin. Amma ki lura, mutane ne da ciwon ke bin jininsu, kuma likita na tsaye a kansu.

Da aka gwada a kan tsofaffi masu lafiya sama da 19,000 a Ostireliya da Amurka, labari ya sha bamban. Sakamakon 2018 ya nuna zubar jini ya ƙaru, mace-macen sankara ma sun ɗan fi yawa a cikin masu shan asfirin. A 2022 kwamitin rigakafi na Amurka ya janye shawarar da ya bayar a 2016 ta shan asfirin don kare hanji.

Diklofenak ɗinki ne ya fi tayar mini da hankali. Babu likitan da zai rubuta shi don rigakafin sankara. Sinadarin nan na COX da shi ma yake toshewa shi ne kuma ke kare bangon ciki, yake taimaka wa jini ya isa ƙoda. Na sha karɓar leburori da manoma a ɗakin gaggawa, idanu sun yi fari fat, bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, alamar jini na zuba a ciki. In ka tambaya, sai ɗan rakiya ya zaro ƙullin leda daga aljihu: haɗin ciwon jiki na kemis, diklofenak da ibufrofen a ciki, ana sha da safe ba a karya ba. Zuciya ma ba ta tsira ba. Vioxx, wani maganin kumburi ɗan gidansu, an janye shi daga kasuwa a 2004, kuma a gwajin hana tsiro a hanji ne aka ga yana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Uba da wa, ciwo iri ɗaya, wannan ba abin wasa ba ne. Abin da kike buƙata shi ne kolonoskofi, wato a leƙa babban hanjinki da siririn bututu mai kyamara. Sankarar nan galibi daga ɗan tsiro take farawa, tana ɗaukar shekaru kafin ta rikiɗe, in an gan shi nan take ake cire shi. Mai tarihi irin naku daga shekara 40 ake so ya fara, lokacinki ya riga ya yi. Ki nemi likitan ciki a asibitin koyarwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ki faɗa masa shekarun da aka gano ciwon a jikin kowannensu, ki tambaye shi batun Lynch. In ya tabbata ita ce, a nan maganar asfirin za ta taso, shi zai yanke adadin. Ki sanar da ƙannenki su ma.

A duba gwiwar a san abin da ke damunta. Kafin nan farasitamol ko maganin shafawa ya fi miki sauƙi. In kika ga jini ko baƙin bayan gida, ko rama ba dalili, kada ki jira ranar ganin likita, ki tafi asibiti a ranar.