Amsa kan hoton da ke gano ƙarin NET

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce. Kin ce hoton ciki ya nuna ɗigo-ɗigo a hantarsa, ga zawo da ya ƙi tsayawa, likita kuma yana zargin ƙarin da suke kira NET, shi ne kike tambaya wane hoto za a yi, kuma ko dole sai an fita waje. Ni ba likita ba ne, jinyar yayana na yi da irin wannan ciwo, kuma daga nan Sakkwato muka faro.

Shawarata a taƙaice: kada ku taɓa gona ko fili don kuɗin jirgi kafin a ɗebo ɗan nama daga ƙarin a gwada. Sakamakon wannan gwajin ne zai faɗi hoton da ya dace da shi.

Shi NET yana tasowa ne daga ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadarai cikin jini, galibi a ƙaramin hanji, ko fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da insulin), ko huhu. Uwar ƙarin kan zama 'yar mitsitsiya, sai abin da ta watsa a hanta ya fi ta girma. Shi ya sa hoton da ake shafa mai a ciki yake iya ganin na hanta, amma da wuya ya gano tushen, domin iskar hanji tana tare masa gani.

Mataki na gaba shi ne CT, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen hoto, ba sai kun je nesa ba. Amma a nan ne mutane ke asarar kuɗi. Wannan ƙarin mai yawan jijiyoyin jini ne, yana haskawa ne cikin daƙiƙu kaɗan bayan an ɗura ruwan hoto a jijiya, sannan ya saje da naman hanta. In an ɗauka sau ɗaya, a makare, za a iya cewa ba a ga komai ba alhali yana nan. Ki roƙi likita ya rubuta ƙarara a takardar cewa NET ake zargi, don a ɗauka hawa-hawa. Za a fara duba ƙodarsa, kuma in yana shan maganin ciwon sukari na metformin a faɗa musu. MRI ya fi CT ganin ƙananan tabo a hanta, sai dai yana son haƙuri: kwanciya cikin rami mai ƙara, da riƙe numfashi. Yayana ya fi tsoronsa a kan allura.

To, maganar nama. A takardar sakamako ki nemi wata lamba mai suna Ki-67, ita ke nuna saurin hayayyafar ƙwayoyin. Ƙasa da kashi 3 cikin ɗari mataki na ɗaya ne, mai tafiyar hawainiya. Daga 3 zuwa 20 mataki na biyu, sama da 20 na uku. Masu tafiya a hankali yawanci suna da wasu maƙalai a jikinsu da sinadarin somatostatin ke kamawa, don haka ake haɗa makamancinsa da ɗan abu mai haske a yi allura, ya bi jini ya manne duk inda ƙarin yake, har a ƙashi. Tsohuwar hanyar ita ce Octreoscan, wadda ake komawa ɗauka washegari. Wadda ta fi ta gani ita ce hoton PET, wanda abu mai hasken da ake sawa a allurarsa shi ne galiyum 68, ana rubuta ta DOTATATE, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016. Ƙarfin galiyum ɗin yana raguwa da rabi duk minti 68, don haka ba abin da za a yi odarsa a ajiye ba ne, sai inda ake haɗa shi.

Ku kiyaye, PET ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi samu na sukari ne, FDG, kuma ya fi amfani ga ƙari mai sauri. Mai mataki na ɗaya zai iya biyan maƙudan kuɗi, hoto ya fito fes, ciwo yana nan zaune. Duk inda za ku, Legas ne ko Masar ko Indiya, ku kira tukuna ku tambaya da suna: galiyum kuke yi ko FDG? In an riga an fara masa allurar octreotide ta wata-wata, wato maganin nan makamancin somatostatin, a faɗa musu, don sukan tsara hoton daf da allura ta gaba.

Akwai gwaje-gwaje biyu da ke tafiya tare da hotunan. Na jini, kuromogiranin A, maganin olsa irin omeprazole yana ɗaga shi ba tare da ƙari ba, ga shi mutanenmu suna shansa kullum, sai a sanar da likita. Na fitsarin awa 24 kuma, a bar ayaba da abarba da tumatir kwanaki kaɗan kafin a fara tarawa.

Kowane hoto aka yi, ki karɓi faifan, ba takardar rahoto kaɗai ba. Likitan gaba zai so ya gani da idonsa, ya gwada da sabo. In sakamakon naman ya fito, ki turo mana lambar Ki-67 ɗin kawai, ki rufe sunansa, sai in faɗa miki tambayoyin da muka yi wa likita a namu matakin.