Tsofaffin Motocin Wasa: Ta Wane Ɓangare Mai Tarawa Zai Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wani akwati daga mahaifina, a ciki akwai ƙananan motocin wasa na ƙarfe guda 23. Wasu an rubuta Lesney a ƙasansu, wasu Dinky, wasu Majorette, akwai kuma 'yan Fijo guda uku. Tun daga lokacin nake saye duk inda na gani a wajen 'yan gwanjo, yanzu sun haura 60, amma na lura tarkace kawai nake tarawa, ba kai ba gindi. Ta yaya zan zaɓi ɓangare guda in tsaya a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Abin da ka lura da shi daidai ne, kuma gara da ka lura tun kuɗin da ka kashe bai yi yawa ba. Tarin da ya amsa sunansa shi ne wanda mai shi zai iya faɗin iyakarsa a jimla ɗaya, ya kuma san adadin abin da ya rage masa. Idan ba ka iya cewa "saura guda kaza" ba, to sayayya kake yi, kuma kamfanonin nan sun ƙera dubban samfura, ba aljihun da zai ƙure su.

Kafin ka yanke shawara, dakatar da saye na wata guda. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka jera motocin duka, ka kifa kowace ka karanta ƙasanta. Abu huɗu za ka rubuta a littafi: sunan kamfani, ƙasar da aka ƙera ta, lambar samfuri, da irin tayarta. Ƙasar da aka ƙera ta ce ta fi komai faɗa maka zamaninta. Matchbox da ke ɗauke da "Made in England by Lesney" ta fito ne daga masana'antun Lesney a Ingila tsakanin 1953 da 1982, shekarar da kamfanin Lesney ya karye. Bayan haka aikin ya koma Makau, daga baya Tailan da Sin. Dinky ta Ingila daga masana'antar Meccano da ke titin Binns a Libaful take, wadda ta fara su a 1934 aka rufe ta a 1979. Akwai kuma Dinky ta Faransa, wadda reshen kamfanin ya riƙa ƙerawa a Bobigny kusa da Faris. Majorette mai "Made in France" ta girmi mai "Thailand". Hattara da shekarar da ake bugawa a ƙasan mota, musamman ta Hot Wheels, motocin wasa na kamfanin Mattel na Amurka: shekarar rajistar zanen ce, ba shekarar da aka ƙera wadda ke hannunka ba. Mota na iya ɗaukar 1969 alhali ba ta fi shekara goma da fitowa daga masana'anta ba. Wannan kuskuren ya cinye kuɗin masu farawa da yawa.

Da ka gama rubutun, za ka ga tarin ya karkata wani gefe da kansa. Daga nan iyakoki uku ake haɗawa: kamfani, zamani, da nau'in mota. Guda ɗaya ba ta isa. "Ina tara Matchbox" ba iyaka ba ce, domin har yau ana ƙera su. "Ina tara manyan motoci" ita ma haka. Amma "Matchbox na Lesney, daga 1953 zuwa 1969, motocin aiki kaɗai, wato tipa da tarakta da motar kashe gobara da makamantansu", wannan tari ne da ake iya ƙirgawa.

Shekarar 1969 da na ambata tana da dalili. A 1968 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels, masu siririyar sandar taya da ke sa mota gudu a kan titin roba, suka kwashe kasuwa. Lesney ya mayar da martani a 1969 da jerin Superfast, ya sauya tayoyi, daga baya har launuka da siffar motocin suka koma masu walƙiya. Saboda haka masu tarawa sun raba Matchbox gida biyu: masu tayar asali kafin 1969, da Superfast bayanta. A cikin masu tayar asali ma akwai matakai. Na farkon suna da tayar ƙarfe, sannan aka koma tayar roba mai ruwan toka, daga baya baƙa. Duba naka, tayar kaɗai za ta nuna maka wanne ya girmi wanne.

Akwai tarko a nan da ya kamata ka sani tun yanzu. Ana kiran jerin Matchbox da suna 1-75, sai mutum ya ɗauka mota 75 zai saya ya huta. Ba haka ba ne. Lambobin ne 75, amma kowace lamba an sauya motar da ke kanta sau da dama, shi ya sa masu tarawa suke ƙara harafi. Lamba 12 misali ce mai kyau: 12a Land Rover ce ta 1955, 12b wata Land Rover ce ta 1959, 12c kuma Land Rover Safari ce ta 1965. Ƙari a kan haka, samfuri ɗaya kan fito da launi biyu ko uku da taya iri-iri. Dole ka yanke tun farko: guda ɗaya daga kowane samfuri kake so, ko kowane launi da kowace taya? Ga mai farawa, guda ɗaya daga kowane samfuri. Bin launuka rami ne mai zurfi, kuma a can ne 'yan jabu suka fi kafa tarkonsu, domin sauya taya ko fenti ya fi ƙera mota sauƙi.

To wanne ɓangare ya dace da kai? A ganina, waɗannan Fijo uku da ka ambata a ƙarshe, kamar ba su da muhimmanci, su ne bakin zaren. Fijo 404 ta fito a 1960, 504 kuma a 1968, kuma masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975. Duk wanda ya yi wayo a Arewa ko a Nijar ya san su a tasha, a gidan gwamnati, da kan hanyar ƙauye. Kamfanonin Faransa huɗu sun yi ƙananansu: Dinky ta Faransa, Norev, Solido da Majorette. Tarin "Fijo 404 da 504, waɗanda aka ƙera kafin 1985" yana da iyaka, ana iya kammala mafi yawansa cikin 'yan shekaru, kuma duk baƙon da ya shigo ɗakinka zai gane abin da yake kallo ba sai ka yi masa dogon bayani ba. Idan ka ga ya yi maka kaɗan, faɗaɗa shi zuwa motocin da suka yi zamani a titunanmu, ka shigo da Land Rover, manyan motocin Bedford, da Volkswagen mai ƙusumbi. Irin wannan tari yana da wani amfani: kana da ilimin motocin na gaske, don haka za ka gane samfurin da aka yi da kyau da wanda aka yi da ka.

Sai dai ka lura da ma'auni, domin shi ke sa kanta ta yi kyan gani ko ta zama kamar kasuwa. Dinky, Solido da mafi yawan Norev suna kusa da 1:43, wato motar gaske ta ninka ta sau 43, tsawon ƙaramar mota kusan santimita 10. Majorette da Matchbox ƙanana ne, kusan santimita 7, kuma Matchbox ba ta da tsayayyen ma'auni, an yi kowace ne don ta shiga kwalinta, shi ya sa bas da ƙaramar mota suke zuwa tsawo ɗaya. Zaɓi ma'auni guda, ko ka ware wa kowanne nasa layi. Wurin ajiya ma lissafi ne: katako mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar motar 1:43 kamar takwas idan an jera su a tsawonsu, ɗaya bayan ɗaya, ba a cunkushe ba.

Ɓangarori biyu ne zan ce ka guje musu a yanzu. Na farko Hot Wheels na farko-farko masu jan layi a taya, na 1968 zuwa 1977. Masu nemansu a Amurka suna da yawa, farashinsu ya yi sama, kuma kamfanin ya sake fito da sababbi masu jan layin, wanda ke rikita mai farawa. Na biyu Dinky na kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗannan suna fama da ciwon ƙarfe: an zuba su ne da haɗin tutiya, kuma idan darma ta gurɓata haɗin, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya tsattsage kamar busasshiyar laka, ya ruɓe. Ba shi da magani, danshi kuma yana hanzarta shi. Ko a cikin na bayan yaƙi, duk motar da ka ga jikinta da ƙananan tsaga kamar saƙar gizo, ko ƙasanta ya lanƙwashe, bar ta komai arharta.

Bayan iyakar nau'i, sa wa kanka iyakar lafiyar kaya. Mataki uku ya isa: mai kwalinta na asali kuma fenti bai taɓu ba, mai ɗan ƙwarzane amma komai nata cikakke, da wadda yara suka gama da ita. Kwalin asali kan ninka kuɗin mota, wani lokaci ya fi motar kanta wuyar samu. Ga wanda ke saye a gwanjo, mataki na biyu shi ne na hankali: tayoyi huɗu na asali, gilashi bai fashe ba, ƙofofi suna nan, mafi yawan fenti yana jiki. Kada ka sayi mai rauni da niyyar "kafin in sami mai kyau", sau biyu za ka biya.

Wajen gane wadda aka taɓa, ƙusar ƙasa ce shaida. Masana'anta tana daddale ƙusar da ta haɗa jiki da ƙasa, kanta ya fito sumul, zagaye. Idan ka ga alamar an huda ta, ko an sa sukuru, ko an cike wurin da gam, an buɗe motar, kuma galibi don a sake fenti ne. Sabon fenti yakan yi kauri ya cike layukan ƙofa, wani lokaci ya taɓa sandar taya. Akwai kuma sababbin Dinky da kamfanin Atlas ya sake fitarwa, har da kwali irin na da. Ba jabu ba ne a karan kansu, an rubuta Atlas da "Made in China" a ƙasansu, amma wasu dillalai kan sayar da su a matsayin tsofaffi, kuma samfuran Faransa irin su Fijo suna cikin waɗanda aka maimaita. Idan ta intanet za ka saya, nemi hoton ƙasan mota da na ƙusoshin kafin ka tura ko sisi, sannan ka haɗa kuɗin aikowa da na kwastam a lissafi. Sau da yawa sun fi kuɗin motar, don haka tara guda huɗu ko biyar wajen mai sayarwa ɗaya a aiko su tare.

Yanayinmu ma yana da ta cewa a zaɓin. Norev na farko na roba ne, kuma zafi yana lanƙwasa su, tayoyinsu kuma kan narke su manne da abin da suka taɓa. Idan ɗakinka yana ɗaukar zafi a watan Afrilu, tsaya a kan na ƙarfe. Idan ka zaɓi tara masu kwali, ka san gara da kyankyasai da danshin damina abokan gabarka ne, maganinsu kuwa kabad mai gilashi, nesa da bango da ƙasa, da 'yan ƙunshin silika irin na cikin kwalin takalmi, a sauya su ko a shanya su kowace damina. Rana kai tsaye tana kashe jan fenti da rawaya. Ƙurar hunturu kuwa da busasshen buroshi mai laushi ake share ta. Kada ka wanke da omo, kada ka goga fetur ko kananzir, suna cinye tambarin da aka manna kuma suna dusashe gilashin roba. Wani abu da ya fi waɗannan muhimmanci: fentin wasu tsofaffin kayan wasa yana ɗauke da darma, saboda haka kada a bar ƙananan yara su sa su a baki.

Game da guda 60 da ke hannunka, raba su kashi uku. Na mahaifinka 23 su zauna tare a layinsu ko da ba su shiga sabon tsarin ba, ka rubuta a takarda cewa nasa ne, don kada su cakuɗe da na kasuwa. Waɗanda suka dace da iyakar da ka zaɓa su zama tushen tarin. Sauran ka ajiye su a matsayin kayan musaya, domin masu tarawa sun fi sakin abu mai kyau idan an ba su wani abu da suke nema fiye da idan an miƙa musu kuɗi.

Daga nan sai ka rubuta jimlarka a shafin farko na littafin, ka jera sunayen samfuran da suka shiga cikinta, ka sa alama a kan waɗanda kake da su. Idan jerin ya wuce 100, ƙara matse shi da shekara ko da kamfani. Idan bai kai 15 ba, ƙara kamfani ɗaya. Tsakanin 30 da 60 shi ne daidai ga mai sayen guda ɗaya ko biyu a wata. Ɗauki hoton jerin a wayarka, ka riƙa duba shi a gaban mai gwanjo kafin ka taya, kuma ka ba tsarin wata shida kafin ka sake taɓa iyakarsa.