Amsa ga Malamar da aka ce wa binciken ƙwaƙwalwa na likitoci ne

Malama, na ga tambayarki. Kina koyarwa a Islamiyya a ƙauyenku na wajen Ringim, yara su haddace yau, kwana uku hadda ta zube, kina son ki karanci abin a jami'a, sai wani ya ce miki fagen na likitoci ne, mai NCE ba ta da hurumi. Wallahi kin fama min tsohon miki, don irin maganar da aka jefe ni da ita ke nan. Kuma masu faɗarta ko mutum ɗaya ba su sani ba a fagen. Su dai su ga ɗan ƙauye ya ɗaga kai, musamman mace, sai su danne. Ba su bincika ba, ba su tambaya ba, sai yanke hukunci a bakin masallaci.

Dubi manyan fagen, da yawansu ba likitoci ba ne. Hermann Ebbinghaus, Bajamushen da ya fara auna mantuwa, ya wallafa sakamakonsa a 1885, falsafa ya karanta. Kansa ya yi wa gwaji da gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya gano mantuwa a sa'o'in farko take gudu, daga baya ta lafa. Jean Piaget da dodon-koɗi ya soma, masanin halittu ne kafin ya koma kan tunanin yara. Lev Vygotsky, wani mai nazarin tunanin yara, shari'a ya karanta a Mosko. Elizabeth Loftus lissafi ta haɗa da ilimin halayyar ɗan Adam, a 1974 ta nuna canza kalma ɗaya a tambaya yana canza abin da shaida yake tunawa. Likitoci akwai, irin su Eric Kandel, amma shi ma tarihi ya fara yi.

Waɗanda suka fi kusa da ke su ne Sylvia Scribner da Michael Cole. A cikin ƙabilar Vai ta Laberiya sun tarar waɗanda suka yi karatun allo sun fi ƙwarewa wajen riƙe jerin da ake ƙara wa kalma ɗaya-ɗaya ana komawa farko. Amma fifikon bai game kowane irin tuni ba.

Sai John Flavell a 1966: ya nuna wa yara hotuna, ana kallon leɓɓansu. Cikin 'yan shekara biyar su 20, biyu kaɗai suke maimaita sunayen hotunan da kansu don su riƙe. 'Yan shekara goma kuwa 17 cikin 20. Wato ƙaramin yaro bai san ana bita ba sai an koya masa. Shi ya sa dorina a kan mantuwar ɗan shekara biyar take ƙona min rai. Ana dukansa kan dabarar da ba a ba shi ba!

Ki fara tun yanzu, ba sai da takardar shiga jami'a ba. Ɗauki yara 20 sa'annin juna, ki raba su gida biyu da ƙuri'a. Kada ki zaɓa da kanki, za ki tara masu kaifi wuri guda ba ki sani ba. Ba su baiti huɗu na waƙar da ba su taɓa ji ba. Rukunin farko minti 30 a zama ɗaya, na biyu minti 10 kullum har kwana uku. Kowane rukuni ki gwada shi bayan mako guda daga zamansa na ƙarshe, ki rubuta adadin kalmomin da kowa ya kawo daidai.

Inda abin yake ɓaci: karɓar hadda a taron murya, don mai rauni yana laɓewa a bayan sauran. Ɗaya-ɗaya za ki ji su. 'Yan gida ɗaya kuma su faɗa rukuni ɗaya, in ba haka ba za su biya wa juna da daddare. Ki kauce wa ranar kasuwa, yaran sun gaji da talla.

Lissafi kuwa kada ki yar da shi, ƙididdiga ce ke kayar da ɗalibai a wannan karatun. Ki adana littafin da kika rubuta sakamakon, har da kwanan wata da shekarun kowane yaro.