Amsa: Ranar ƙawayen amarya, ku shiga kicin

'Yar'uwa, kin tambayi abin da za ku shirya wa ƙawarku amarya ban da kiɗa da hotuna. Shawarata, ku ɗauko gwanar kayan gara ta koya muku dublan da alkaki, kowa ta sa hannu.

Dublan ya fi dacewa da taro: wata na murza fulawa, wata na yanka tana naɗewa, wata na suya, a tsoma a ruwan sukari mai lemon tsami. Alkaki kuwa sai kwaɓin alkamar ya kwana, don haka ku roƙi malamar ta kwaɓa tun da daddare, ana gobe taron.

Abin sha, ku yi zoɓo da citta da kanumfari. Kunun aya yana saurin tsami in babu ƙanƙara.

Don Allah ku yi kafin ranar lalle, kada hannun amarya ya ɓaci.