Tambaya da Amsa: Rinin Ƙarfe da Haske a Maganin Ciwon Daji

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar makaranta ce a Jos, kuma yayata tana karɓar allurar kemo saboda ciwon dajin mama da ya riga ya yaɗu. Na ji labarin wani rini mai ɗauke da ƙarfe wanda ake haskawa ya kashe cutar ba tare da ya galabaitar da jiki ba. Shin zai amfane ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ba ta lafiya. Labarin yana da tushe. Sa ƙarfe a maganin daji ba sabon abu ba ne, domin maganin kemo mai suna sisfilatin, wanda Amurka ta amince da shi a 1978, ƙarfen filatinam ne a zuciyarsa, kuma yana aiki ta hanyar maƙalewa a jikin DNA, wato sinadarin gado mai siffar tsani da ke cikin ƙwayoyin jiki, har ƙwayar dajin ta kasa hayayyafa. Illarsa ita ce ba ya bambanta ƙwayar jiki mai lafiya da mara lafiya.

Wannan giɓi ne masana ke son cikewa da rini mai ɗauke da ƙarfen ruteniyam. A 1990 masaniyar sinadarai Jacqueline Barton da abokan aikinta suka nuna wani irinsa da ba ya ƙyalli a ruwa, amma da ya kutsa tsakanin matakalan DNA sai ya haskaka. Irin wanda ake nufi da magani kwance yake kamar mai barci, sai likita ya dalla masa hasken leza, sannan ya miƙa ƙarfin hasken ga iskar oksijin da ke wurin, ita kuma ta rikiɗe ta zama dafi ga ƙwayoyin da ke dab da ita kaɗai. Wani mai suna TLD-1433 ya kai matakin gwaji a kan masu dajin mafitsara a Kanada.

To amma ga inda gizo ke saƙar: haske ba ya ratsa tsoka fiye da 'yan milimitoci, ko jan haske da wuya ya wuce santimita guda, kuma tsakiyar babban ƙari kan rasa oksijin. Shi ya sa hanyar ta fi dacewa da fata, maƙogwaro da mafitsara, inda haske zai isa. Cutar da ta yaɗu ta fi ƙarfinta a yanzu.

Ina roƙonki, kada yayarki ta tsallake ko da zango ɗaya na allurarta saboda wannan labari. Idan amai da kasala ne suka dame ta, ku faɗa wa likitanta, domin akwai magungunan da ke sassauta su.